Bonaire, Cozumel, Cayman ko Roatán: Yadda Ake Auna Wuraren Nutso a Tekun Karebiyan

Duk wanda ya fara binciken inda zai je nutso da tukunyar iska a tekun Karebiyan zai tarar da cewa kowane tsibiri yana da masu yi masa kirari, kuma kowane kamfanin yawon buɗe ido yana rantsuwa cewa ruwan gabarsa ne ya fi tsabta, murjaninsa (wato halittun da ke gina tudu kamar dutse a ƙasan teku) ya fi kyau, farashinsa kuma ya fi sauƙi. Abubuwa uku ne mai hankali yake dubawa kafin ya yanki tikiti: ko zai fito daga ruwan lafiya, nawa zai kashe, da kuma abin da idonsa zai gani a ƙasan tekun. A ganina kuskuren da aka fi yi shi ne auna waɗannan abubuwa uku ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya haɗa su, alhali kuwa arhar wani wuri tana iya fitowa ne daga ragin da aka yi wa kayan tsaro, haka nan kyawun wani wurin yana tare da nisan da ya raba shi da asibiti. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce wane irin ruwa ne ya dace da ƙwarewar mutum da lafiyarsa da aljihunsa.

Kafin a shiga kwatanta tsibiran, ya kamata a fahimci inda haɗarin yake. Masuncin kogi da ke riƙe numfashi ya nutse ya fito yana ɗauke ne da iskar da ya shaƙa a sama, amma mai goye da tukunya yana shaƙar iska ne a ƙarƙashin nauyin ruwa, kuma duk mita 10 da ya sauka matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya guda ɗaya. A zurfin mita 30 matsin ya ninka sau huɗu, don haka iskar tukunyarsa za ta ƙare da saurin da ya ninka sau huɗu, sannan iskar naitirojin, wadda ita ce kusan kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa, tana narkewa a cikin jini da tsoka. Idan ya taso a hankali, jiki yana fitar da ita ta numfashi. Idan ya taso da gaggawa, ko ya daɗe a zurfi fiye da ƙima, sai ta zama kumfa a cikin jiki kamar yadda lemon kwalba yake yi idan an buɗe shi da sauri, kuma wannan kumfar tana iya kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Maganin wannan ciwo shi ne a ba mutum tsantsar iskar oksijin nan take, sannan a shigar da shi ɗakin matsin iska, inda ake mayar da jikinsa cikin matsi irin na zurfin mita 18 a rage a hankali cikin kusan awa biyar. Wannan ne dalilin da ya sa tambaya ta farko game da kowane tsibiri ita ce ina ɗakin matsin iska mafi kusa yake, kuma awa nawa za a yi kafin a kai mutum can.

Ta wannan ma'auni, manyan wuraren da suka yi suna duk sun tanadi abin da ake bukata. Cozumel ta ƙasar Meziko tana da irin wannan ɗaki fiye da ɗaya a garin San Miguel, Bonaire tana da nata a Kralendijk kusa da asibiti, Grand Cayman tana da shi a George Town, sannan Roatán da Utila na ƙasar Honduras, da garin San Pedro na Beliz duk suna da nasu. Bambancin yana fitowa ne idan aka dubi nisan wurin nutson kansa daga ɗakin. A Bonaire mutum zai iya fitowa daga ruwa ya isa gari da mota cikin ɗan lokaci, amma wanda ke Little Cayman sai an ɗauke shi da jirgin sama zuwa Grand Cayman, kuma dole jirgin ya yi tafiya ƙasa-ƙasa domin hawa sama yana ƙara girman kumfar. Wanda kuwa ya je Jardines de la Reina a kudancin Kyuba, inda ake kwana a cikin jirgin ruwa nesa da gari, ya san cewa ya sayi kyawun wurin ne da nisa daga taimako.

Misalin da ya fi nuna wannan matsala shi ne shahararren ramin nan na Beliz da ake kira Great Blue Hole, wanda Bafaranshen mai binciken teku Jacques Cousteau ya fito da sunansa bayan ya kai jirginsa Calypso can a 1971. Faɗin ramin ya haura mita 300, zurfinsa kuma ya kai mita 124, kuma hotonsa daga sama yana ɗaukar hankali ƙwarai. Sai dai abin da ake zuwa gani, wato duwatsun da suka rataya daga rufin tsohon kogon, yana kusa da zurfin mita 40, wanda shi ne iyakar ƙarshe ta nutson shaƙatawa. A wannan zurfi mutum ba shi da ko minti goma kafin ya fara tasowa, hasken rana ya ragu, kuma naitirojin tana sa wani irin maye da ke dusashe tunani. Ga shi kuma wurin yana da tafiyar awa biyu zuwa uku a kwalekwale daga San Pedro. Wanda takardar shaidarsa ta matakin farko ce, wadda ta ba shi izinin mita 18 kacal, ba shi da hurumin sauka can ko da wani kamfani ya yarda ya kai shi, kuma kamfanin da ya yarda da hakan ya riga ya nuna irin muhimmancin da yake ba ran abokin cinikinsa. Da yawa daga waɗanda suka yi tafiyar sun fi jin daɗin nutso na biyu da na uku da ake yi a Half Moon Caye da Long Caye, inda ruwa bai kai haka zurfi ba kuma kifi ya fi yawa.

Cozumel tana da nata salon, domin ruwan da ke ratsawa tsakanin tsibirin da gaɓar Yucatán yana gudu ne kusan kullum, kuma masu nutso ba sa kokawa da shi. Jirgi yana sauke su a wani wuri, ruwa ya ɗauke su ya bi da su ta gefen tudun murjani na Palancar ko gangaren Santa Rosa, jirgin kuma yana bin kumfarsu daga sama har su fito. Idan komai ya tafi daidai babu nutson da ya kai wannan daɗi, tunda mutum ba ya wahalar iyo kuma yana iya hangen mita 30 a gabansa. Amma a bakin gangaren akan samu ruwa mai jan mutum ƙasa, kuma wanda bai iya daidaita nauyinsa a cikin ruwa ba, yana iya rabuwa da ayari cikin ƙiftawar ido. A nan rayuwar mutum tana rataye ne a kan gwanintar jagora da kuma idon direban jirgi, don haka duk mai zuwa Cozumel ya kamata ya riƙe balan-balan ɗin alama da ake hurawa a aika sama, ya kuma iya amfani da shi tun kafin ya je.

Bonaire kuwa akasin haka take. Tsibiri ne na ƙasar Holan mai nisan kimanin kilomita 80 daga gaɓar Benezuwela, kuma murjaninsa yana farawa ne 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa. Mutum yana hayar a-kori-kura, ya loda tukwanen iska, ya bi titin gaɓar yamma yana duba duwatsun da aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa aka rubuta sunan kowane wuri, inda ya ga dama ya tsaya ya shiga. Ruwan wannan ɓangare a kwance yake, gudunsa ba shi da ƙarfi, shi ya sa ake yawan cewa nan ne ya fi dacewa da sabon shiga. Ina da ja a kan wannan magana. Inda babu jagora babu mai duba ma'aunin iskarka sai kai da abokin nutsonka, babu mai tuna maka cewa nutso na huɗu ke nan ka yi yau, kuma babu kwalban oksijin a bayan mota kamar yadda ake ajiyewa a jirgi. Shiga da fita ta kan duwatsu masu kaifi da kaya masu nauyi a baya shi ma yana jawo targaɗe da rauni. Bonaire wuri ne mai aminci ga wanda ya iya kula da kansa, wanda bai kai nan ba kuma ya fi masa alheri ya biya jagora a kwanakin farko. Akwai kuma ƙaramar matsalar sata daga motocin da aka ajiye a bakin ruwa, har ta kai masu bayar da hayar mota suna ba da shawarar a bar gilashi a buɗe kada a bar komai mai daraja a ciki.

Tsibiran Cayman, waɗanda ke ƙarƙashin Birtaniya, su ne suka fi tsari. A nan ne Bob Soto ya buɗe shagon nutso tun 1957, kuma tsawon shekarun da aka yi ana sana'ar ya bar al'adar bin ƙa'ida: jiragen suna da kyau, jagorori suna iyakance zurfi da lokaci, asibiti kuma na zamani ne. Wasu gogaggun masu nutso suna ganin takurawar ta yi yawa, amma ga iyali ko wanda shekarunsa suka ja, wannan takurawar ita ce abin da yake biyan kuɗi a kai.

Akwai ɓangaren tsaro da ba shi da alaƙa da tsibirin da aka zaɓa. Bayanan da ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a 1980 domin lafiyar masu nutso, take tattarawa sun daɗe suna nuna cewa ciwon zuciya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu nutso, musamman waɗanda suka haura shekara hamsin, sai kuma ƙarewar iska da tasowa cikin firgici. Kifin shak da mutane suka fi tsoro yana can ƙasan jerin. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma yana bukatar likita ya duba shi tukuna, mai cutar sikila kuwa, wadda ta yi yawa a ƙasashenmu, likitocin nutso suna ɗaukar ta a matsayin abin da ke hana nutso da tukunya, domin sanyi da ƙishirwa da ƙarancin oksijin duk suna iya tayar da ita. A kan tudu kuma, Honduras tana fama da yawan laifuka a manyan biranenta, ko da yake tsibiran Roatán da Utila sun fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, sannan akwai zazzaɓin cizon sauro a tsibiran. Lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba. Guguwar Ivan ta ragargaza Grand Cayman a 2004, Wilma ta yi wa Cozumel ɓarna a 2005, amma Bonaire da Curaçao suna can kudu, a gefen hanyar da guguwar ta saba bi, abin da ya sa suka zama mafaka ga wanda hutunsa ya faɗo a waɗannan watanni.

Idan aka zo maganar abin da ido zai gani, dole a faɗi gaskiya mai ɗaci: Karebiyan ta yau ba ita ce wadda aka gani a shekarun 1970 ba. Wani babban rahoto na masana da aka fitar a 2014 ya nuna cewa murjani mai rai ya ragu da fiye da rabi a yankin tun daga wancan lokaci. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe mafi yawan bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wadda ita ce ke cinye gansakukar da ke lulluɓe murjani, kuma annobar ta sake dawowa a 2022. Wata cuta mai cinye naman murjani da aka fara gani a Florida a 2014 ta isa gaɓar Meziko a 2018, har ta sa hukuma ta rufe wasu wuraren kudancin Cozumel na ɗan lokaci a 2019, ta shiga Grand Cayman a 2020, ta kai Bonaire a 2023. A wannan shekarar ta 2023 kuma ruwan ya yi zafin da ya sa murjani mai yawa ya yi fari. Ga kifin zaki, baƙo daga tekun Indiya da Fasifik, da ya bazu yana cinye ƙananan kifaye. Babu tsibirin da ya tsira daga waɗannan masifu gaba ɗaya.

Duk da haka bambanci yana nan, kuma idan aka bi diddigi za a ga yana da nasaba da yadda kowane wuri ya kare ruwansa. Bonaire ta hana harbin kifi da mashi tun 1971, ta mayar da duk ruwan da ke kewaye da ita gandun da doka ta kare a 1979, ta hana jefa anga a kan murjani, sannan ta hana kamun kifin aku a 2010, shekara guda bayan Beliz ta yi hakan, saboda shi ma wannan kifi gansakuka yake ci. Sakamakon shi ne murjaninta yana cikin waɗanda suka fi lafiya a yankin, ko da yake wanda ke neman manyan halittu zai fi ganin ƙananan kifaye da kunkurun ruwa a can. Cayman ta kafa nata gandun a 1986, kuma da yake babu kogi ko ɗaya da ke zubar da laka daga tsibiran, ruwan garau yake. Bangon Bloody Bay na Little Cayman, wanda ke farawa daga zurfin kimanin mita 6 ya gangara tsaye zuwa fiye da mita 1,000, ni a wurina shi ne abu mafi ban mamaki a duk yankin, kuma yana da fa'idar cewa ba sai mutum ya yi zurfi ba kafin ya ga kyawunsa. Masu son tarkacen jiragen ruwa suna da USS Kittiwake da aka nutsar da gangan a Grand Cayman a 2011, da Hilma Hooker da ta nutse a Bonaire a 1984, da Bianca C ta Grenada wadda ta nutse a 1961, sai dai wannan ta ƙarshe tana da zurfin da ba na sabon shiga ba ne. Cozumel da Beliz da Roatán duk suna kan tudun murjani guda ne mai tsawon kimanin kilomita 1,000, wanda shi ne mafi girma a tekun Atlantika. Jardines de la Reina kuwa, wadda Kyuba ta killace a 1996 ta kuma taƙaita yawan masu shiga, tana da yawan kifin shak da manyan kifaye irin wanda ya ɓace a sauran wurare.

Batun kuɗi shi ne inda talla ta fi ruɗar mutane, domin farashin nutso ɗaya ba ya nuna abin da mako guda zai ci. Utila ta yi suna a matsayin ɗaya daga cikin wurare mafi arha a duniya wajen koyon nutso, inda kwas ɗin matakin farko yake tashi 'yan ɗaruruwan daloli, sau da yawa har da wurin kwana. Roatán ma tana da sauƙi, kuma da yake murjanin yana kusa da gaɓa jirgi ba ya ƙona mai sosai. Cozumel tana tsakiya, ga abinci da masauki na kowane aljihu. Grand Cayman ita ce mafi tsada a cikin waɗannan, inda fita ɗaya ta nutso biyu take haura dala 100, kuma da yake dalar Cayman ɗaya tana daidai da dalar Amurka 1.20 sannan kusan duk abinci shigo da shi ake yi, kuɗin cin abinci kaɗai yana iya kai na nutson. Bonaire tana da lissafi na daban: baƙo yana biyan harajin shiga na dala 75 da kuɗin gandun ruwa na dala 40, ga hayar mota, amma bayan haka ana sayar masa da iska ba iyaka na tsawon mako. Wanda zai yi nutso uku ko huɗu a rana zai tarar babu inda ya kai nan arha idan aka raba kuɗin a kan kowane nutso, wanda zai yi ɗaya a rana kuwa bai ci ribar tsarin ba. Ga wanda zai taso daga Afirka ta Yamma, kuɗin jirgi da biza ta ƙasar da zai ratsa za su shanye duk waɗannan bambance-bambance, kuma ya kamata ya tuna cewa Bahar Maliya, wadda ita ma ake nutso a cikinta, ta fi kusa da shi.

Arha ba laifi ba ce, kuma akwai makarantu masu kyau ƙwarai a Utila da Roatán, amma inda gasa ta yi zafi dole wani ya nemi inda zai rage. Ragin yakan faɗa ne a kan abin da baƙo ba ya gani: yawan ɗaliban da aka tara wa malami ɗaya, lokacin da aka yi ba a canja matatar injin cika iska ba, kwalban oksijin da babu shi a jirgi, ko na'urar shaƙar iska ta haya da ta daɗe ba a gyara ba. Iskar da hayaƙin inji ya gurɓata tana iya sumar da mutum a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji wari ba. Saboda haka kafin a biya ko sisi, ya dace a tambayi mutum nawa ke bin jagora ɗaya, a nemi ganin kwalban oksijin da rediyon jirgi, a kuma lura ko sun nemi ganin takardar shaida da tarihin nutson baƙo. Kamfanin da bai tambaye ka komai ba sai katin banki ya ba ka amsar da kake nema.

Inshora tana cikin lissafin nan, ko da yake mutane da yawa suna tsallake ta. Jinya a ɗakin matsin iska tana cin dubban daloli, kuma sau da yawa ba a gamawa da shiga ɗaya, ɗaukar majinyaci da jirgin sama na musamman kuwa yana iya kai dubban daloli masu yawa fiye da haka, alhali inshorar tafiya ta yau da kullum takan cire nutso daga abin da take biya ko ta iyakance zurfin. Inshorar nutso ta shekara guda ba ta kai kuɗin kwana biyu a otal ɗin Grand Cayman ba. Sai kuma a lissafa ranar ƙarshe, domin ƙa'idar da DAN ta shimfiɗa ita ce a jira aƙalla awa 12 kafin shiga jirgin sama bayan nutso ɗaya, da aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Wanda ya sayi hutun kwana bakwai, idan aka cire ranar isowa da ranar jira, kwana biyar ne na nutso a hannunsa, kuma a kan waɗannan kwanakin ne ya kamata ya raba kuɗin tafiyar tasa kafin ya kwatanta Roatán da Cayman.